Motar Alhaji Ba Ta Sallama

"Malam, faci aka aiko ni a yi, ba wa'azi aka aiko ni in saurara ba."

"Ni ma ba wa'azi nake sayarwa ba, Hajiya, taya nake sayarwa. Amma wannan ina za a liƙa mata facin? A kan wani facin?"

Fadila ce tsaye a bakin shagon taya na hanyar Ƙofar Guga, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, makullin mota na lilo a ɗayan. Mai shagon kau, Mubarak, yana tsugune gaban tayar baya yana shafa ta kamar mai duba maras lafiya. Shagon na mahaifinshi ne, shi ke riƙe da shi tun da ya gama makaranta.

"Babana ya ce tayar kamfani ce, da ita motar ta zo, ba a canza ta."

"Ke ma ai da haƙoran yarinta kika fara, ina suke yanzu?"

Ta buɗe baki za ta mayar mashi, sai dariya ta riga maganar fitowa. Ta yi maza ta rufe da gefen gyale. Shi kuma a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai, sai ya manta da abin da hannunshi ke yi, iska na ta fita daga tayar yana riƙe da bakinta.

To bari in ba ku labarin motar nan, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane komai ba.

Alhaji Nu'uman maƙwabcina ne, ƙofata na kallon tashi. Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya sayi wata 'yar ƙaramar jif, irin wadda suke ce wa haibirid, wai rabi fetur take sha rabi batir. In tana tafiya a hankali ko tari ba ta yi. Sai dai ka waiwaya ka gan ta a bayanka. Kajin layinmu sun sha wuya a hannunta kafin su gane.

Alhaji kau ya gano mata wani amfani da masu ƙera ta ba su sani ba. Fadila ce autarshi, malamar firamare, kyakkyawa, samari na zuwa zance bayan la'asar kan dakalin ƙofar gida. Sai ya kashe rediyo tun daga kwanar layi, ya ɗan sauke gilas, ya sulalo ya tsaya bayan saurayi yana saurare. Cewa yake, mutum ba ya faɗin abin da ke ranshi sai in ya ɗauka ba mai ji.

Da haka ya kori wani da ya ji yana tambayar ko gidan na gado ne. Ya kori wani mai rera waƙa da hanci. Har samarin unguwa suka fara cewa gara ka je zance gidan soja.

Ranar faci dai Mubarak ya yi facin, yana yi yana mita. Da ya gama ya ce, "Ba ni lambarki, in sanar da ke in tayoyi irin na motar sun iso."

"Lambar Baba zan ba ka, motarshi ce."

"Baba ne ya tuƙo ta nan?"

Ta ba shi. Kafin ta cire gyale a gida saƙo ya shigo.

"Salamu alaikum. Mai taya ne. An isa lafiya? Tambayar aiki ce, tayar nake nufi."

"Taya ta isa lafiya. Direbar ma haka, ko da yake ba a tambaye ta ba."

"Direbar nake ta neman ta inda zan fara tambaya, na rasa. Ki yi mani rai, Hajiyar Faci."

Aka wuce wurin. Ba a yi wata guda ba na fara ganin wani dogon yaro fes cikin shadda yana zamna kan dakalin Alhaji, faratanshi a kankare tas, ba ka ce ya taɓa riƙe sifana ba. Fadila in ta fito, tafiyarta ma ta canza. Ta gaya mashi halin motar, ta ce ya kula da bakinshi. Ya ce shi ba ya da abin ɓoyewa.

Ai kau ya samu.

Rannan suna zaune yana ba ta labari, ya ce, "Wallahi Dila, tayoyin nan sun yi sanƙo. Irin sanƙon da ko ƙuda ya sauka sai ya zame ya karye."

Daga bayanshi aka ce, "Sanƙon wa?"

Alhaji ne, hannu kan sitiyari. Kuma duk Katsina wanda ya taɓa ganin Alhaji na alwala ya san abin da ke ƙarƙashin hular nan.

Mubarak ya zube ƙasa yana gaisuwa, yana rantsuwa taya yake nufi. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya shige gida. Da daren ya ce wa matarshi Hajiya Hajo ba zai ba da ɗiyarshi ga mai raina kayan mutane ba. Hajiya Hajo ta yi ta lallashi, da ƙyar ya bar yaron ya ci gaba da zuwa, amma in ya gaishe shi da hanci yake amsawa.

Da ma akwai wanda Alhaji ke so. Salihu, ɗan ƙanwarshi Jummai, mai aiki a wani ofis a GRA. Shi Salihu ɗan gida ne, ya san motar tun ranar da aka kawo ta. In ya zo zance, bakinshi na wajen Fadila, kunnenshi da wuyanshi na wajen kwanar layi. Sai ka ji ya ɗaga murya, "Ai ni Fadila, duk duniya ban ga mai adalci kamar Kawu ba."

Fadila ta ce, "Yaya Salihu, Baba ya tafi Daura tun da safe."

Ya sauke murya ya ce, "To ki kawo mani ruwa."

Amma sau da yawa dabararshi na ci, Alhaji ya sulalo ya ji ana yabonshi, ya shiga gida yana murmushi yana cewa yaron nan akwai tarbiyya.

Ana haka Allah ya kawo ƙarshen tayoyin kamfani. Alhaji na dawowa daga ɗaurin aure wajen Gobarau, da zafin rana, ta baya ta fashe, motar ta yi rawa da shi ta tsaya dab da teburin wani mai kankana. Ba abin da ya same shi sai hular da ta faɗi, wadda kuma ita ta fi yi mashi ciwo. Aka sa mashi tayar sifiya ya lallaɓo gida. Washegari ya miƙa wa Fadila makulli ya ce a canza duka, a ko wane shago ban da na yaron nan.

Kun san inda ta nufa.

Mubarak ya yi murna kamar an ce an ba shi ita. Ya shiga ciki yana bayani, wai motar batir tana da irin tayarta, mai laushin tafiya, wadda ba ta ƙara kuma ba ta jan mai, zai sa a kawo daga Kano. Fadila ba ta saurarenshi. Idonta na kan wasu tayoyi a lungu, masu manyan haƙora kamar na motar shiga daji.

"Waɗancan fa?"

"Na masu zuwa ƙauye da damina ne. Za su shiga, amma ba nata ba ne. Za ta riƙa shan mai, kuma kan kwalta gurnani za ta yi tun daga nesa."

"Tun daga nesa kamar ina?"

"Kamar daga kwanar layinku zuwa..." Sai ya gane inda ta dosa. Ya dube ta, ta dube shi.

"A'a, Dila."

"Mubarak ɗina."

"Sana'ata ce fa. Ban taɓa sa wa mutum abin da na san ba daidai ba ne."

"Ni kuma tun da muka haɗu ban taɓa jin ka gama magana ba ka waiwaya ba. So nake in ji ƙarshen zancenka ko sau ɗaya."

Wace zuciya ce za ta ƙi wannan? Ya ɗauko jak na ɗaga mota da kanshi.

Jama'a, layinmu ya ga daɗi a 'yan kwanakin nan. Tun motar na kwana za ka ji wuuu, wuuu, kamar injin niƙa ya ɓalle ya biyo titi. Kaji su kauce, yara su kwashe ƙwallo, ni ma in gyara zama in yi kamar tsintar shinkafa nake. Mubarak ya miƙe ya gyara hula, kafin Alhaji ya iso sai ya tarar ana maganar falalar biyayya ga iyaye.

Ranar farko Fadila ta turo mashi saƙo bayan ya tafi.

"Yau na ji ƙarshen zancenka. Ashe ƙarshen ya fi farkon daɗi."

Ya mayar, "Akwai saura, sanyin idona. Na shekara da shekaru ne, sai kin zo gidana za ki ji shi duka."

Alhaji kau duniya ta yi mashi zafi. Mutumin da ke alfahari a majalisa cewa har ya manta hanyar gidan mai, sai ga shi masu gidan mai sun san sunanshi. Abokai suka sa shi gaba, wai kyanwar Alhaji ta rikiɗa ta koma jaki. Ga shi in ya dawo gida kowa ya zama waliyyi, ya rasa abin kamawa.

Salihu ne ya bi diddigi. Ya zagaya shaguna har ya gano inda aka sa tayoyin, ya kawo wa Kawunshi labari da ɗuminshi, har da ƙari. Ya ce da gangan aka yi, don a mai da shi abin dariya.

Alhaji bai ce wa Fadila komai ba. Da safe ya tuƙa motar tana gurnani har shagon. Abin da ya faru a can daga bakin uwar Mubarak na ji shi daga baya, ita kuma ba ta ƙari sai in labarin ya yi lami.

"Kai ka sa waɗannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san ba nata ba ne?"

"Na sani."

"Wa ya sa ka?"

Mubarak ya sunkuyar da kai. "Ni kaɗai ne. So nake in riƙa jin zuwanka. Na yi kuskure, na ci amanar sana'ata, na ci taka. Zan sa a kawo na ainihi in canza."

Alhaji ya ce, "Ka sa a kawo. Kafin nan kada in ga ƙafarka a ƙofata, kada ka kira ta, kada ka rubuta mata. Ranar da za a canza kuma ban yarda kowa ya sani ba. Har ita."

"Ko in gaya mata dalilin shirun?"

"Ko shi."

Yaro ya ce to.

Nan Fadila ta shiga wani hali. Ta kira ba a ɗauka. Ta tura saƙo, ta ga alamar an karanta, ba amsa.

"Mai taya, lafiya?"

"In laifi na yi ka faɗa mani."

"Yaya Salihu ya ce ka ce ba za ka iya da rigimar gidanmu ba. In gaskiya ne, ko kalma ɗaya ta ishe ni."

Shi kuma a can, uwarshi ta ce yakan rubuta amsa mai tsawo, ya karanta, ya goge, ya kifa wayar ya fita ya hau goge tayoyin da ba su yi ƙura ba. Abinci ma sai an yi da gaske. Fadila ta rame har ɗalibanta suna tambayarta ko azumi take. Gwaggo Jummai kau ta fara zagaya gidaje tana cewa an kusa, har da zaɓen launin anko.

Ranar da tayoyin suka iso, Alhaji ya fita da hantsi motar na gurnaninta kamar kullum. Da la'asar Salihu ya zo ya baje kan dakali, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa. Da ma tun da motar ta fara ƙara ya daina waiwaye. Fadila ta fito don Hajiya Hajo ta matsa mata, ta zamna can nesa.

Ina zaune a ƙofata sai na ga hancin mota ya leƙo daga kwana. Shiru. Tana tafowa kamar inuwa, sabbin tayoyi baƙi wuluk. Da na so, tari ɗaya zan yi kowa ya farga. Allah ya ba ni ikon riƙe bakina, abin da bai cika ba ni ba.

Salihu na cewa, "Ki ma cire mai tayar nan daga ranki. In an ɗaura, koyarwar nan ma kin gama ta, ba matata da za ta riƙa shan ƙurar alli. Motar kuma zan lallaɓa Kawu ya bar mani, me tsoho zai yi da ita? Ya zamna gida ya riƙa shafa wa sanƙonshi mai. Babba da shi yana laɓe wa yara."

"Ba ka tsoron ya ji ka?"

Ya yi dariya. "Ai tun daga kwana za mu ji kukan jakinshi."

Fadila ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"To bari ka ji, Yaya Salihu. Jakin nan ni na jawo shi. Mubarak ya ce mani ba nata ba ne, ya ƙi, ni na yi ta roƙonshi har ya sa. Na cuci Baba, na cuce shi, ga shi na rasa shi. Baba kuma da kake zagi, laɓewar da yake yi tsoro ne, kada ya ɗauke ni ya ba wanda zai wulaƙanta ni. Da ina jin haushinshi. Yau da na saurare ka na gane."

Gilas ya ƙarasa sauka a bayansu.

"Salihu," in ji Alhaji, a hankali. "Janye ƙafarka zan yi fakin."

Wallahi takalmi ɗaya yaron nan ya samu ya sa. Ɗayan a hannu ya tafi da shi, yana gaisuwar da ba wanda ya amsa.

Alhaji ya fito ya tsaya gaban ɗiyarshi. Tana kuka, ta durƙusa.

"Ke kika sa shi?"

"Ni ce, Baba."

"Shi ya ce mani shi kaɗai ne. Na tambaye shi, na sake tambaya yau yana ɗaure noti, bai canza ba." Ya yi gyaran murya. "Na hana shi yi maki magana. Ya yi?"

"Ko harafi ɗaya."

"Hm." Ya juya ya dubi tayoyin, ya ɗan taɓa ɗaya da ƙafa. "Aikinshi dai yana da kyau. Ki ce mashi na ɗage dokar."

Ta ruga ciki har tana tuntuɓe da bakin zaure. Hajiya Hajo ce ta nuna mani saƙonnin daga baya, don ni ba na duba wayar mutane sai an miƙo mani.

"Baba ya ce ya ɗage. Kuma na gaya mashi ni ce. Me ya sa ka ɗauki laifina?"

Amsa ta shigo kafin ta ajiye wayar.

"Don ni na riƙe jak ɗin, Dila. Kuma gara ya kore ni da ya yi fushi da ke. Kin san sau nawa na rubuta maki na goge? Yatsana har ya yi kanta."

"Ka zo gobe."

"Yau fa?"

"Magariba ta kusa."

"Ina bakin layinku tun ɗazu. Bin motar na yi a baya, wai in ji ko tana ƙara."

Na leƙa, ai kau ga shi can jikin falwaya, da kayan aiki a jikinshi, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ba a daɗe ba manyan Mubarak suka zo da goro da alawa aka sa rana, bayan ƙaramar salla. Da maza suka watse, mu mata muka cika falon Hajiya Hajo ana rabon alawa ana guɗa. Fadila na ƙuryar ɗaki ta ƙi fitowa, amma duk wanda ya leƙa ya ce haƙoranta a waje suke.

Sai ga Gwaggo Jummai, ko sallama babu, gyale a kafaɗa. Ta tarar da Alhaji ya shigo ɗaukar carbinshi.

"Yaya, yanzu ɗan cikina za ka bari ka ɗauki bare? Don 'yar magana ta yarinta?"

"Jummai, zamna ki ci alawa."

"Ba zan ci ba. Yaron da ya yaudare ka, ya sa gari ya yi maka dariya, shi ne surukin?"

"Shi ne. Ya yi mani laifi, ya tsaya gabana ya ce ya yi. Naki kuma shekara nawa yana yabona, ashe da kunnena yake zance, ba da ɗiyata ba." Ya juya wajenmu ya ɗaga hannu. "Ku taya ni addu'a. Allah ya sa albarka a auren Mubarak da Fadila, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa abin da za su faɗa a bayan juna ya zama shi za su faɗa a gaban juna."

Falo ya ɗauka da amin. Muna cikin shafawa Gwaggo Jummai ta sunkuya ta damƙi alawa cike da hannu ta zuba a jaka, ta ce ta jikokinta ce ba tata ba, ta fice, ta jawo ƙofar ta buga har agogon bango ya karkace.